Charles Darwin: Ɗan Likitan Da Ya Gudu Daga Ɗakin Fiɗa

Tun ina aji huɗu a makarantar sakandare na fara jin sunan Charles Darwin, kuma ban ji shi da alheri ba. Ranar da malaminmu na ilimin halittu ya iso babin da ke magana a kan yadda halittu ke sauyawa, sai ya rubuta sunan a allo, ya shaida mana cewa wannan shi ne Baturen da ya ce biri ne kakanmu, ya kuma umarce mu da mu haddace abin da ke cikin littafin saboda jarrabawa, in mun fito mu watsar da shi a bakin ƙofa. Haka kuwa muka yi. Na ɗauki shekaru masu yawa ban sake waiwayar mutumin ba, sai ranar da wani abokina likita ya zaunar da ni yana yi mini bayanin dalilin da ya sa cutar amosanin jini ta yi katutu a ƙasarmu, da dalilin da ya sa kulorokwin ɗin da ya warkar da mu muna yara ya daina yi wa 'ya'yanmu aiki. A duk amsoshin biyu sai da sunan Darwin ya fito. Wannan ne ya sa na koma na nemi tarihinsa, kuma abin da na tarar ya sha bamban da abin da aka rubuta mana a allo. Shi nake son in gabatar wa mai karatu a yau, domin a ganina bai kamaci mai ilimi ya yanke wa mutum hukunci tun bai saurari shari'arsa ba.

An haifi Charles Robert Darwin ranar 12 ga Fabrairu, 1809 a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila, rana ɗaya da Abraham Lincoln wanda daga baya ya shugabanci Amurka. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya shida na Robert Darwin, wani likita mai hannu da shuni. Mahaifiyarsa Susannah 'yar gidan Wedgwood ce, attajiran da suka yi suna wajen ƙera tangaran, ta kuma rasu a 1817 yana ɗan shekara takwas. Kakansa na wajen uba, Erasmus Darwin, likita ne kuma marubucin waƙoƙi, wanda tun kafin a haifi jikan ya riga ya rubuta cewa mai yiwuwa ne masu rai su kasance daga tushe guda suka fito. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a yarinta babu wanda ya hango haka. Bai taɓuka abin kirki ba a makaranta, inda Latin da Girkanci ake ta ɗura wa yara. Hankalinsa yana wajen karnuka da harbin tsuntsaye da tara duwatsu da ƙwari, har uban ya taɓa fusata ya yi masa gorin cewa zai zama abin kunya ga dangi.

A 1825, yana da shekara 16, aka tura shi Jami'ar Edinbara ya karanci likitanci. A wancan zamani ba a gano maganin sa barci ba, idon mutum biyu ake yanka shi. Sau biyu Darwin ya halarci irin wannan aiki, ɗaya a kan ƙaramin yaro, ya fice kafin a gama, bai kuma sake komawa ɗakin fiɗa ba. Abin da ya fi amfanarsa a garin ya samo shi ne a wajen wani baƙar fata mai suna John Edmonstone, 'yantaccen bawa daga Guyana ta Kudancin Amurka, wanda ya koya masa yadda ake feɗe tsuntsu a adana fatarsa da gashinsa ba tare da sun lalace ba. Da wannan sana'a da ya koya a hannun tsohon bawa ya iya adana tsuntsayen da suka sauya masa tunani daga baya. Sunan Edmonstone kuwa ban taɓa jin an ambata mana shi a aji ba.

Da uban ya ga likitanci ya faskara, sai ya yanke shawarar ɗan ya zama limamin coci, aikin da a lokacin ake nema wa 'ya'yan masu hali da suka rasa madafa. Ya shiga Jami'ar Kambirij a 1828, ya fita a 1831, ya zo na goma cikin ɗalibai 178 da suka ci jarrabawar digiri na gama-gari. Mai karatu ya lura da wannan: mutumin da ake yi wa kallon jagoran masu musun addini, shirin hawa mumbarin coci yake yi, kuma a lokacin ba ya shakkar komai a cikin littafin addininsu. A Kambirij ne ya manne wa wani malamin ilimin tsirrai, John Henslow, yana bin sa yawon daji, kuma wannan malami ne ya buɗe masa ƙofar da ta sauya masa rayuwa.

A watan Agusta na 1831 wasiƙar Henslow ta iso masa cewa wani jirgin ruwan sojan Birtaniya mai suna Beagle zai tafi auna gaɓar tekun Kudancin Amurka, kuma kyaftin ɗinsa Robert FitzRoy, ɗan shekara 26, yana neman mai sha'awar nazarin halittu, ɗan gidan mutunci, wanda zai zame masa abokin cin abinci da hira. Babu albashi, uban ne ma zai ɗauki nauyin tafiyar. Uban ya ƙi, yana ganin shiririta ce, sai da kawun yaron, Josiah Wedgwood, ya sa baki. Jirgin ya tashi daga Plymouth ranar 27 ga Disamba, 1831 da niyyar shekara biyu, bai dawo ba sai ranar 2 ga Oktoba, 1836. Darwin bai taɓa sabawa da teku ba. Jiri da amai sun addabe shi daga farko har ƙarshe, shi ya sa duk inda aka tsaya yakan sauka ya hau doki ya nausa cikin ƙasa. Fiye da shekara uku na tafiyar a tudu ya yi su.

Zangonsu na farko shi ne tsibiran Kef Bad, daura da gaɓar Senegal, inda ya ga wani farin layi na ɓawon halittun teku a jikin dutse, can sama da inda ruwa ke kaiwa. Yana ɗauke da littafin Charles Lyell da ke cewa doron ƙasa a hankali yake sauyawa cikin dogon zamani, sai ya ga shaidar abin da idonsa. A Ajantina ya tono ƙasusuwan wasu ƙattin dabbobi da suka ƙare tun tuni, amma ƙirarsu ta yi kama da ta ƙananan dabbobin da ke yawo a wurin. A Cile ya ji girgizar ƙasar watan Fabrairu na 1835, ya ga yadda ta ɗaga gaɓar teku sama, daga baya kuma ya tarar da ɓawon halittun ruwa a can ƙololuwar duwatsun Andes. A Burazil kuwa abin da ya gani bauta ce. Gidajen kakanninsa duka biyu sun yi suna wajen yaƙi da cinikin bayi, shi ma da ya ga azabar da ake gana wa bayi bai iya yin shiru ba, har suka yi cacar baki da FitzRoy, wanda ke kare bautar, saura ƙiris ya bar jirgin.

Tsibiran Galapagos, masu nisan kimanin kilomita 1,000 yamma da ƙasar Ekwado, su ne aka fi haɗawa da sunansa, alhali mako biyar kacal ya yi a can, a watannin Satumba da Oktoba na 1835. Labarin da ake bayarwa cewa yana ganin tsuntsayen wurin sai gaskiya ta bayyana masa, ƙari ne na masu ba da labari. Ƙananan tsuntsayen nan masu kama da gwara, waɗanda a yau ake kira da sunansa, ko rubuta tsibirin da ya kamo kowanne bai yi ba, sai da ya koma gida ya yi aron bayanan wasu ma'aikatan jirgin. Wani jami'in wurin ya faɗa masa cewa daga ganin ƙoƙon kunkuru yakan gane tsibirin da ya fito, bai ba maganar muhimmanci ba. Manyan kunkurun da suka ɗiba cinye su suka yi a hanya, suka watsar da ƙoƙunan a teku. Sai a 1837 a Landan, da masanin tsuntsaye John Gould ya duba abin da ya kawo, ya shaida masa cewa tsuntsayen da ya zaci ba su da alaƙa da juna dangi ɗaya ne da ya kasu nau'o'i goma sha wani abu, kowanne da irin bakinsa, kuma ba a samun su a wani wuri a duniya.

Daga nan tambayar ta hana shi sakat. In tsibiran na da nasu nau'o'in, kuma duk sun yi kama da tsuntsayen Kudancin Amurka, ashe ba zai yiwu a ce zuriya ɗaya ce ta ƙetaro teku ta rarrabu ba? Wasu kafinsa, ciki har da kakansa da Bafaranshen nan Lamarck, sun riga sun yi zaton halittu na sauyawa, abin da ya gagare su shi ne gamsasshen bayanin yadda hakan ke faruwa. A watan Satumba na 1838 Darwin ya karanta littafin Thomas Malthus a kan yawan jama'a, wanda ke cewa haihuwa takan rinjayi abinci, sai ya kama bakin zaren. Bayanin nasa, in aka tuɓe masa rigar boko, duk makiyayi ya san shi. Bafulatani yakan ware bijimin da ya fi kyau ya bar wa garke, ya dandaƙe sauran. Manomi yakan zaɓi zangarniyar geron da ta fi cika ya ajiye ta iri. Da irin wannan zaɓe ne, shekara da shekaru, aka samu Bunaji da Rahaji da Gudali, kowace da ƙirarta. Abin da Darwin ya ƙara shi ne cewa a dawa ma ana wannan tankaɗe da rairaya ko babu makiyayi: kowace halitta takan haifi fiye da abin da zai rayu, 'ya'yan ba su zama daidai da juna, ana kuma gadon bambancin, saboda haka fari da yunwa da cuta da maƙiya su ne ke ware waɗanda za su bar baya. In aka ba wannan aiki dubban dubban shekaru, sai ƙananan bambance-bambance su taru su haifar da sabon nau'i.

Abin mamaki, sai da ya shekara ashirin da wannan tunani bai buga shi ba. A watan Janairu na 1839 ya auri Emma, 'yar kawun nan nasa da ya roƙa masa izinin tafiya, mace mai riƙo da addininta, wadda tun kafin aure ya gaya mata shakkun da suka fara shigarsa. A 1842 suka koma wani gida a ƙauyen Downe, kudu da Landan, inda ya zauna har ƙarshen ransa. A 1844 ya rubuta bayaninsa cikin shafi sama da 200, ya ajiye, ya bar wa matar wasiyyar a kashe fam 400 a buga shi in ya mutu. Masana tarihi sun saɓa a kan dalilin jinkirin: wasu sun ce tsoron abin da zai biyo baya ne, wasu sun ce hujjojinsa ne yake ganin ba su kammala ba. Ni ina ganin duka biyun ne. Ga kuma rashin lafiya, domin kusan shekara arba'in ya yi yana fama da ciwon ciki da amai da bugun zuciya, sa'o'i kaɗan yake iya aiki a yini. Ya kamata kuma a faɗa, ko don malaman jami'o'inmu da ke bincike da ragowar albashi, cewa dukiyar gado ce ta saya masa wannan lokaci. Bai taɓa yin aikin albashi ba.

Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne yadda ya yi amfani da shekarun. Daga 1846 zuwa 1854, shekara takwas cur, ya duƙufa a kan wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo da ke manne wa duwatsu da gindin jirage, yana feɗe su ɗaya bayan ɗaya, har ya gane da hannunsa yadda 'yan nau'i ɗaya ke bambanta. Ya jiƙa iri daban-daban a ruwan gishiri na makonni, ya shuka, don ya ga ko tsiro zai iya ƙetare teku ya rayu. Ya shiga kiwon tattabaru, yana zama da talakawan Landan masu wannan sana'a yana ɗaukar karatu a wajensu. Yana rubuta wa masu lambu da makiyaya da ma'aikatan mulkin mallaka a ko'ina yana tambaya. Wasiƙunsa da aka tattara, waɗanda ya aika da waɗanda ya karɓa, sun haura 15,000. Yana kuma da ɗabi'ar rubuta duk wata hujja da ta saɓa wa ra'ayinsa nan take, don ya lura ita ce zuciya ke saurin mantawa. A littafinsa ma babi guda ya ware ga matsalolin da ke damun bayanin nasa.

Cikin 'ya'ya goma da suka haifa, uku sun rasu suna ƙanana. Wadda ta fi girgiza shi ita ce Annie, 'yar shekara goma, da ta rasu a watan Afrilu na 1851 yana zaune a gefen gadonta. Imaninsa da addinin Kirista ya riga ya fara yin rauni a hankali. Ya kai ga in Lahadi ta yi yakan raka iyali ƙofar coci ya wuce yawonsa, amma bai daina taimaka wa ayyukan jin ƙai na ƙauyen ba, kuma limamin cocin abokinsa ne. A ƙarshen rayuwarsa ya bayyana kansa a matsayin wanda bai san amsar ba, ya kuma ce bai taɓa kaiwa ga musun samuwar Ubangiji ba. Labarin da aka yaɗa a 1915 cewa ya tuba ya janye littafinsa a gadon mutuwa, 'ya'yansa sun ƙaryata shi. Rashin lafiyar yaran ya kuma sa shi zargin auren zumuncin da ya yi, har ya nemi a sa tambaya a kan irin wannan aure a ƙidayar jama'a ta 1871, majalisa ta ƙi. Damuwa ce da iyaye da yawa a nan za su gane.

Wanda ya tilasta masa fitowa fili wani talaka ne mai suna Alfred Russel Wallace, wanda ke yawo a tsibiran Indunusiya yana kamo tsuntsaye da ƙwari yana sayarwa. Yana kwance da zazzaɓi tunanin ya zo masa, ya rubuta, ya aika wa Darwin. A watan Yuni na 1858 Darwin ya buɗe wasiƙar ya tarar da aikinsa na shekara ashirin a taƙaice cikin 'yan shafuka. Ana cikin haka ɗan autansa ya kwanta, ya rasu ranar 28 ga watan. Abokansa Lyell da Joseph Hooker ne suka shirya aka karanta rubutun mutanen biyu tare a taron wata ƙungiyar masana ta Landan ranar 1 ga Yuli, babu ko ɗayansu a wurin, kuma kusan babu wanda ya kula. Wallace bai riƙe abin a zuciya ba, Darwin kuma daga baya ya yi masa fafutuka har gwamnati ta yanka masa fanshon fam 200 a shekara a 1881. Littafin kansa, On the Origin of Species, wato bayani a kan asalin nau'o'in halittu, ya fito ranar 24 ga Nuwamba, 1859, kwafi 1,250, a kan sule 15, masu kantunan littattafai suka kwashe su nan take. A muhawarar da aka yi a Okusfod a 1860, inda Thomas Huxley da Hooker suka kara da Bishop Wilberforce, Darwin na jinya. Tsohon kyaftinsa FitzRoy kuwa ya halarta, ya miƙe ya yi tir da littafin.

To, ina batun biri? A littafin 1859 kusan bai taɓo ɗan Adam ba, sai a jumla guda. A 1871 ne ya fito da wani littafin inda ya ce mutum da manyan birai sun haɗa kaka a can zamani mai nisa, ya kuma yi hasashen cewa a Afirka za a sami tushen. Wannan ya bambanta da cewa birin yau ne ya haifi mutum, amma ba zan yaudari mai karatu in ce maganar ba ta da nauyi ga mai imani ba. Nan ne gizo ke saƙa, kuma malaman Musulunci ba su jira mu ba. Jamaluddin al-Afghani ya yi masa raddi mai zafi a 1881. Shaihu Husain al-Jisr na Tarabulus ta Labanan kuwa, a littafinsa Risala Hamidiyya na 1888, ya tafi a kan cewa in har hujja ta tabbatar da sauyawar halittu, to ba ta rushe imani da Mahalicci ba, domin Shi ne mai tsara sabubba. Ni dai ban bi Darwin zuwa inda shakkarsa ta kai shi ba, batun halittar Annabi Adamu kuma na bar wa malaman da suka fi ni sani. Amma bayanin yadda sauro ke gagarar maganin feshi bai taɓa neman in ajiye imanina ba.

Yana kuma da kurakuransa, wasu na ilimi, wasu na hali. Bai san yadda gado ke aiki ba, kuma bayanin da ya ƙirƙiro a 1868 kuskure ne. Amsar tana cikin wata maƙala da wani fada mai suna Gregor Mendel ya buga a 1866 bayan gwaje-gwajen da ya yi da wake a lambun gidan ibadarsu a garin Brno, ba a kuma farga da ita ba sai a 1900. Mafi muni, mutumin da ya tsani bauta, ya kuma dage cewa 'yan Adam duk nau'i ɗaya ne, shi ne kuma a littafin 1871 ya jera al'ummomi hawa-hawa da Bature a sama, ya rubuta cewa namiji ya fi mace basira. Ɗan'uwansa Francis Galton ya gina aƙidar tace zuriya a kan irin wannan tunani, 'yan mulkin mallaka kuma suka sami abin fakewa. Ilimin ƙwayoyin gado na yau ya rushe wancan jeri, amma ba za a kankare shi daga tarihin Darwin ba.

Abin da ya rage bayan an cire dusa shi ne abin da jami'o'i ke ta gwadawa har yau. A 1862 an aiko masa da wani fure daga Madagaska mai maƙogwaron zuma da ya kai kusan santimita 30, ya ce lallai akwai ƙwaro mai harshe irin wannan tsawo. An bayyana ƙwaron a 1903, an kuma gan shi yana tsotsar furen a 1992. Peter da Rosemary Grant, miji da mata da suka yi aiki a Jami'ar Princeton, sun shekara arba'in daga 1973 suna auna bakin tsuntsayen Galapagos a wani ɗan tsibiri. A farin 1977 sama da kashi 80 cikin 100 na wani nau'in suka mutu, waɗanda suka tsira su ne masu kaurin bakin da ke iya fasa ƙwaya mai tauri, kuma 'ya'yansu suka gaji kaurin. A 2015 masana na Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka gano ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke tsara siffar bakin. A 1988 Richard Lenski ya zuba bakteriya iri ɗaya a kwalabe 12 a Amurka, ana sabunta musu abinci kullum. Sun haura zuriya 70,000, kuma a wajen zuriya ta 31,000 'yan kwalba ɗaya suka fara cin wani sinadari da kakanninsu ba su iya ci ba. A gandun dajin Gorongosa na Mozambik, inda mafarauta suka kashe kusan kashi 90 cikin 100 na giwaye saboda haure a yaƙin basasar 1977 zuwa 1992, binciken da aka buga a 2021 ya nuna cewa giwaye mata marasa haure sun tashi daga ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar zuwa rabi.

Mu a nan ba sai mun je Galapagos ba. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a inda sauro ya yawaita, duk da cewa wanda ya gaje ta daga uwa da uba shi ke ɗanɗana kuɗarta. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki, wadda yanzu ke Jihar Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, ya tarar da kimanin jariri ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar, kuma kason ya fi haka a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar, domin zazzaɓi ya fi ɗibar waɗanda ba su da ita. Wannan shi ne tankaɗen da Darwin ya bayyana, yana gudana a ƙauyukanmu. Haka abin yake ga kulorokwin: ƙwayoyin cutar da suka jure masa su ne suka rayu suka hayayyafa, har Nijeriya ta sauya magani a 2005, kuma an riga an ga alamun irin wannan turjiya ga sabon maganin a Ruwanda da Yuganda. Duk mai shan rabin maganin da likita ya rubuta ya ajiye saura, yana taya ƙwayar cuta zaɓen bijiminta ne bai sani ba.

Shi kuwa Darwin, shekarunsa na ƙarshe a lambu ya yi su, yana nazarin tsirrai masu naɗo da masu cin ƙwari. Littafinsa na ƙarshe, na 1881, a kan tana ne, halittar da ya fara rubutu a kanta tun 1837. Har busa da kiɗan fiyano ya sa aka yi musu don ya gane ko suna ji, ya kuma lissafa cewa a gonakin Ingila sukan juyo fiye da tan goma na ƙasa a kowace eka a shekara. Ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 19 ga Afrilu, 1882, yana da shekara 73. Iyalinsa sun shirya binne shi a maƙabartar ƙauyen Downe kusa da danginsa, har kafintan ƙauyen ya haɗa masa akwati na katako marar ado, sai abokansa da wasu 'yan majalisa suka nemi a kai shi babban cocin Westminster inda ake binne sarakuna da manyan ƙasa. Aka sauya akwatin da wani mai sheƙi, aka binne shi ranar 26 ga Afrilu, 'yan taku kaɗan daga kabarin Isaac Newton. Wallace da Huxley da Hooker na cikin waɗanda suka ɗauki gawar. Emma ba ta je Landan ba, ta zauna a gida.